Tambaya ta Goma Sha Huɗu

Duk shekara, da mun gama duba takardun jarrabawar zango na biyu, takardar nan takan iso. Hukumar da ke kula da jami'o'in ƙasa ce ke aiko ta. So take a bi sawun ɗaliban da suka kammala digiri wata goma sha takwas da suka wuce, a ji inda rayuwa ta ajiye su: wa ya samu aiki, wane irin aiki, wa ya koma karatu, wa ke zaune a gida yana ƙirga katakon rufi. Kowace jami'a ita ke nemo nata yaran. In sashe ya samu amsar mutum shida cikin kowane goma, sunansa zai fito a rahoton ƙasa da alƙalumansa. In bai samu ba, sai a ja ɗan layi a gaban sunan, a bar wurin wayam. Iyaye masu neman wa 'ya'yansu gurbin karatu kuwa sun iya karanta ɗan layin nan fiye da yadda muke tsammani.

A jami'armu mutum ɗaya ke ɗauke da aikin nan a ka, wato jami'in ƙididdiga, wanda ofishinsa ke ƙarshen baranda kusa da ɗakin injin buga takardu. Kaso muke ce masa. Ka tambaye shi ya gajiya, sai ya ce ta ragu da kaso talatin cikin ɗari. Ba mugun mutum ba ne, bai dai yarda akwai abin da ba ya ƙirguwa ba.

Da farko ta imel ake tura wa yaran fom su cike da kansu. Ba sa cikewa. Wanda ya samu aiki ba shi da lokaci, wanda bai samu ba kuma ba ya son a fama masa ciwo. Shi ne Kaso ya kawo dabarar raba sunayen ga malamai. Ya ce yaro zai ga lambar ofis ya share, amma ba zai iya katse muryar wanda ya koyar da shi ba. Ya haɗa mana da doka uku a takarda guda. Ka karanta tambaya yadda aka rubuta ta. Ka rubuta abin da aka faɗa maka, ba ƙari ba ragi. Ka kira sau uku a ranaku uku daban-daban, in ba a ɗauka ba ka yi alama a gidan da aka rubuta "ba a same shi ba".

Suna goma sha biyu aka ba ni. Ina tsaye a ofishin sakatariyar sashe ina duba takardar, idona ya sauka a kan na bakwai, sai na daina karantawa. 'Yar Gaba ce.

Bari in faɗi wace ce ni kafin in faɗi wace ce ita. Shekarata goma sha tara ina koyar da kemistiri. Ɗalibai Ƙarfe-Sha-Biyu suke kirana a bayan ido, sun ɗauka ban sani ba. Na sani sarai, daɗi ma nake ji. In na ce a kawo rahoton gwaji ranar Alhamis ƙarfe sha biyu, to sha biyu da minti ɗaya na murza makulli. Na sha jin yara suna ƙwanƙwasa ƙofa suna rantsuwa mota ce ta lalace a hanya, ni kuwa ina ciki ina kurɓar shayina. Ban taɓa jin ko ɗar ba.

'Yar Gaba ba ta taɓa ƙwanƙwasa ƙofar nan ba. Shekara huɗu tana zama a bencin farko ta gefen taga, shi ya sa sunan ya bi ta. A ɗakin gwaji, in sakamako ya fito a karkace, sauran sukan leƙa littafin maƙwabci su gyara lambobinsu. Ita sai ta rubuta karkataccen yadda ya fito, ta jera dalilai uku a ƙasa da take zargin su suka jawo. Aikin bincikenta na shekarar ƙarshe a hannuna ta yi shi, a kan yadda launi ke kodewa idan rana ta daɗe tana dukansa. Ban cika yabon ɗalibi ba, amma ita kam ban koyar da kamarta ba.

Akwai wata gidauniya da ke ɗaukar nauyin karatun digiri na biyu, mutum ƙalilan take zaɓa a shekara. Ni na kira ta ofis na ce ta nema, ita ba ta ma san da zancen ba. Ana buƙatar wasiƙar shaida daga malamai biyu, kuma kowane malami shi zai ɗora tasa da kansa a shafin gidauniyar. Shugaban sashe ya ɗora tasa. Ni ma na zauna na rubuta tawa, na ajiye a kwamfuta da niyyar in sake karantawa da safe sannan in ɗora. Washegari ta tare ni a baranda ta ce, "Malama, wasiƙar fa?"

Na ce, "An gama. Shafi biyu." Har da ɗan ɗaure fuska, don ba na son a tuna mini aikina.

A makon ne aka kwantar da mahaifiyata a asibiti. Na daɗe ina fakewa da wannan, to tunda na fara bari in faɗi gaskiya: an sallame ta kwana huɗu kafin a rufe shafin. Mantawa na yi, shi ke nan. Sai bayan mako uku, ina share tsofaffin saƙonni, na ci karo da na gidauniyar har guda uku. Biyu na tunatarwa ne. Na ukun yana cewa an ajiye takardun ɗalibar a gefe saboda ba su cika ba. Ita kuwa ba su gaya mata dalili ba. Da lokaci ya yi, takardar da ake aika wa kowa suka aika mata, cewa masu nema sun yi yawa kuma ba ta yi nasara ba.

Da la'asar saƙonta ya shigo wayata: "Malama, ban samu ba. Ki yi haƙuri, na ba ki kunya bayan duk wahalar da kika sha a kaina." Na riƙe wayar kusan rabin awa. Sannan na rubuta, "Allah ya sa hakan shi ne mafi alheri." Ko maigidana ban gaya wa ba, shi da nake ba shi labarin har abin da sakatariya ta sako a ƙafa.

Ga shi yanzu sunanta ya dawo hannuna. Kuma a allon sanarwa da ke bakin matakalar sashenmu, an liƙa tallar gidauniyar ta bana. Ƙarshen wata za a rufe, kuma wanda ya wuce shekara biyu da kammalawa ba ya ciki. Lissafin ba shi da wuya, bana ce damarta ta ƙarshe. Tun da aka liƙa takardar nan na koma hawa ta matakalar baya, wadda ke wari.

Na fara da sauran sha ɗayan. Na farko ya ɗauka tun ƙara ɗaya, yana jin muryata ya ce, "Malama! Aiki aka samu?" Na ce a'a, tambayoyi ne kawai. Ya ce, "To," ya amsa duka ashirin ɗin cikin ladabi, ya yi mini godiya da na tuna da shi. Wata ta amsa nata tana jijjiga jariri, rabin amsar ni ake ba, rabi shi. Biyu suna koyarwa a makarantun kuɗi. Wani kuma ya ce yana da ɗan teburi a bakin tasha, yana sayar da caja da rigar waya, na rubuta hakan. Washegari sai ga Kaso da fom ɗin a hannu yana sosa ƙeya.

"Dakta, wannan fa, ba za mu ce harkar sadarwa ba? Ai waya ce."

Na tuna masa dokarsa ta biyu da babbar murya, a gaban sakatariya da masinja. Na ce ni ba a taɓa kama alƙalamina da ƙarya ba, kuma ba a kan rigar waya zan fara ba. Ya ba ni haƙuri ya fita sum-sum.

Ranar Litinin na yi kiran 'Yar Gaba na farko. Ban kira da tawa wayar ba, na san za ta gane lambar ta biyo kira. Da wayar ofis na kira, wadda ba mai ɗauka. Ta yi ƙara ɗaya na katse, na rubuta kwanan wata. Talata ma haka. Ranar Laraba ko ƙarar ban bari ta ƙarasa ba. Na yi alama a gidan "ba a same shi ba", na sa hannu, na miƙa. Doka ta ce sau uku, na kuwa kira sau uku.

Ranar Juma'a da hantsi Kaso ya ƙwanƙwasa ƙofata. Bai ko zauna ba.

"Dakta, muna kaso hamsin da takwas da ɗigo uku. Yara arba'in da takwas, ashirin da takwas suka amsa. Mutum ɗaya ya rage mu haye. Sauran lambobin duk sun mutu, na gwada da kaina."

Na ce to ya zan yi, in haifo masa ɗalibi?

Ya yi murmushin wanda ya zo da shirinsa. Ashe ya je ya tono fayil ɗinta na shiga jami'a, ya samo lambar wanda ya tsaya mata, kawunta, ƙanin mahaifiyarta. Shagon fenti gare shi a layin masu kayan gini, kuma a nan take aiki. Kaso ya kira shi har sun gaisa.

"Ya ce ba ta son zancen makaranta a waya. Amma ya ce in malamarta ce da kanta, shagon ma nata ne." Ya ajiye fom na takarda a kan teburina. "Litinin ake rufewa. 'Yar ɗakinki ce fa, Dakta. Kuma hanyar gidanki ce."

Na ce ina da aiki. Ya ce ya sani, kowa na da aiki. Ya bar mini fom ɗin ya fita.

Ranar Asabar da safe na je. Layin masu kayan gini ba wurin takalmi mai tsini ba ne. Rodi a shimfiɗe har bakin titi, buhunan siminti a jibge, wani yana yankan tayil yana tayar da farar ƙura, masu ɗaukar kaya suna ihun a ba su hanya. Na wuce shagon sau ɗaya da gangan, na je har ƙarshen layi na tsaya ina kallon famfunan wanka kamar mai shirin gini. Da mai shagon ya fara yi mini ciniki sai na juyo.

Shagon fentin dogo ne siriri. Gwangwanaye jere a kanta tun daga ƙasa har rufi, manya a ƙasa, ƙanana a sama, ga tsani a jingine. Warin fenti da na tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, ya cika wurin, fanka tana juya shi. Daga ciki akwai teburin ƙarfe da sikeli a kai, da kwalabe masu dogon baki na ruwan launi, da wani inji mai kama da akwati wanda ake sa gwangwani a ciki ya girgiza shi. Tana tsaye a wurin, ta ɗora doguwar rigar aiki a kan kayanta, tana ɗiga launi a farin fenti tana kallon sikeli. Ba ta gan ni ba.

Kawun ne ya gan ni. Gajeren dattijo ne, tabarau rataye a wuya da zare, ƙasan farcensa duk shuɗi. Ya taso daga kan kujerarsa da hannu biyu a buɗe.

"Lale, lale! Ke ce Malamar? Ke ce Ƙarfe-Sha-Biyu?"

"Kawu!" in ji ta daga ciki, ta saki kwalbar ta rufe baki.

"To me na ce? Ba haka kuke ce mata ba?"

Ta zo ta durƙusa ta gaishe ni, kunya ta hana ta ɗago kai. Ita ke jin kunyata, ka ji fa. Ta ɗan rame, amma idanun nan suna nan yadda na san su. Kawu ya karkaɗe mini kujerarsa da hularsa, ya ciro ruwa mai sanyi daga ƙaramin firij, sannan ya shiga ba ni labarinta kamar ba ta wurin.

"Malama, kin koyar. Wallahi kin koyar. Wani ya zo mana da ɗan guntun bango kamar farce, daga ɗakin mahaifiyarsa, fentin shekara ashirin. Kamfanin ma ya daina yin launin. Ta kalla, ta kai bakin ƙofa ta kalla a rana, ta shiga ta haɗa. Da ya shafa, shi kansa ya kasa nuna inda tsohon ya tsaya. Nuna mata littafin."

Ba ta so ba, amma ta miƙo. Babban littafi ne mai bangon kwali. Kowane launi da ta taɓa haɗawa yana ciki, da kwanan wata, da nauyin kowane ɗigo, da ɗan shafe a gefe. Inda haɗi bai yi ba, ta bar shi yadda ya fito, ta rubuta dalilan da take zargi a ƙasa. Na rufe littafin da sauri.

"Akwai wani fenti mai arha da aka kawo mini," in ji Kawu. "Na so in cika shago da shi. Ta ce in dakata. Ta shafa a katako ta ɗora a kan rufi. Wata huɗu ya koma kamar tsohon zane. Da yanzu masu gidaje suna nemana da sanda." Ya yi dariya, sannan ya sassauta murya. "Abin karatun nan ne dai Allah bai yi ba. Amma kullum sai ta ce ba wanda ya tsaya mata irinki. Wasiƙa shafi biyu! Ni ko takardar haya ban taɓa rubuta shafi biyu ba. Uwarta ma ta ce in gaishe ki, tana sa ki a addu'a."

Na ce ina amsawa. Na ajiye ruwan a gefe.

Aka yi sa'a motar kaya ta tsaya a waje tana hon, Kawu ya rataya tabarau ya fita karɓar kaya. Ta jawo wani babban gwangwani ta zauna a kai, ni kuma na ɗora fom a kan jakata. Na karanta mata gabatarwar yadda aka rubuta: amsarta sirri ce, kuma abin da ta faɗa shi zan rubuta.

"Kina aiki a halin yanzu?"

"Ina yi."

"Mene ne sunan aikin?"

"Mai haɗa fenti." Ta yi 'yar dariya. "Ko akwai sunan da ya fi wannan kyau a takardar?"

Na ce babu, na rubuta.

"Aikin yana buƙatar digiri?"

"Kawu shekararsa talatin yana yi, aji huɗu ya tsaya. Ki sa a'a."

"Kina amfani da abin da kika koya a jami'a: ƙwarai, kaɗan, ko sam?"

"Ƙwarai." Wannan ba ta yi jinkiri ba.

Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya, har na fara jin kamar zan fita lafiya. Ta goma sha biyu ta tambaya ko ta nemi ƙarin karatu. Ta ce e. Ta goma sha uku, ko ta samu. Ta ce a'a. Na san abin da ke biye, na karanta wa mutum sha ɗaya ita a makon nan.

"A ganinki, mene ne babban dalilin da ya sa ba ki samu ba? Na ɗaya, rashin mai ɗaukar nauyi. Na biyu, ƙoƙarina bai kai ba. Na uku, hidimar iyali. Na huɗu, wani dalili, a bayyana."

"Na biyu."

Doka ta ce kar a sa wa mai amsa baki. Na ce, "Ke da kika fi kowa a ajinku?"

"A ajinmu ne, Malama." Ta faɗe shi a sake, kamar maganar da ta daɗe da gama yin kuka a kanta. "Na yi tunanin abin sosai. Da wasiƙarki, da ta Shugaba, amma ko ganawa ba su kira ni ba. Na karanta bayanin da na rubuta musu ya fi sau hamsin ina neman inda na kwafsa. Daga baya na gane ba kuskure ba ne. Mu arba'in da takwas ne a aji, dole wani ya zo na ɗaya. Da aka haɗa ni da na sauran wurare sai aka ga iyakata."

"Bara ba ki sake nema ba?"

"A'a."

"Bana fa? Sun buɗe."

"Na gani." Ta kankare busasshen fenti daga yatsanta. "Ba zan sake sa ki wahala a banza ba. Littattafan ma na ba 'yar maƙwabtanmu da ta shiga bana. Nan ɗin ma ba laifi, Kawu yana ji da ni."

Bakin alƙalamina yana kan gida na biyu. Ɗan ƙaramin gida ne, alama ɗaya ta ishe shi. In na yi ta, na bi doka, Kaso ya samu kaso sittin da ɗigo huɗu, uwarta ta ci gaba da sa ni a addu'a, yarinyar nan kuma ta ci gaba da zama da abin da ta yarda da shi game da kanta har ta tsufa. Ba wanda zai taɓa sani. Ina faɗa da kunya cewa na daɗe a kan gidan nan fiye da yadda mutumin kirki zai daɗe.

Kawu ya leƙo ya ce mutumin nan mai son fenti ruwan ƙasa-ƙasa yana hanya, a girgiza masa nasa. Ta ce in ba ta minti uku. Ta buga murfin gwangwanin da guduma ta roba, ta sa shi a inji, ta danna. Injin ya kama ruri, kwalabe suna rawa a kan teburi.

A cikin rurin nan na faɗa. Na ce, "Ban aika wasiƙar ba."

Ta juyo ta nuna kunnenta, ta yi mini alama in jira. Na san ba za ta ji ba, shi ya sa na zaɓi lokacin. Na zauna ina kallon gwangwanin yana kai da komo, ina jin haushin kaina kamar in mari fuskata. Da injin ya tsaya, shagon ya yi tsit, sai ƙarar fanka da muryar Kawu a waje yana faɗa da direba.

"Me kika ce, Malama?"

"Wasiƙar. Na rubuta ta, amma ban ɗora ba. Na manta har aka rufe. Ba su karanta takardunki ba, ko buɗe su ba su yi ba. An ajiye su ne saboda ba su cika ba."

Ta tsaya da hannu ɗaya a kan injin. Na jira ta yi kuka, ko ta ɗaga murya, na ma fi son hakan. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ɗauki tsumma ta shiga goge hannunta, yatsa bayan yatsa, alhali babu komai a jikinsu.

"Yaushe kika sani?"

"Bayan mako uku da rufewa."

"Kafin in turo miki saƙon nan ke nan."

"Kafin nan."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta kalli ƙofa, ta ce, "Kar Kawu ya ji." Sannan ta koma kan gwangwaninta ta zauna, ta haɗa gwiwoyi. Na fara cewa mahaifiyata ce aka kwantar a lokacin, na ji yadda maganar ke fita, na haɗiye sauran.

"Kin ce abin da na faɗa shi za ki rubuta?"

"Shi ne."

"To ba na biyu ba. Na huɗu. Ki rubuta: ba a aika wasiƙata ba."

Na rubuta da hannuna, harafi bayan harafi, a kan ɗan layin da aka bari. Ba ta ce wa ya ƙi aikawa ba. Fom ɗin teburin Kaso zai je, da sa hannuna a ƙasa, kuma ba zai san ko wace wasiƙa ba ce. Na ji sanyi a raina da ta bar sunana a waje, sai kuma kunyar jin sanyin ta rufe ni, ta fi ta farko nauyi.

"Saura nawa?" ta tambaya.

"Shida."

"Mu ƙarasa."

Muka ƙarasa. Na karanta, ta amsa, e, a'a, kaɗan, a'a. Ba ta ƙara yin dariya ba, ba ta kuma yi mini rashin kunya ba. Da ma ta yi, da na samu abin riƙewa. Mai ruwan ƙasa-ƙasa ya zo, ta buɗe masa gwangwani ya gani, ya yaba, ya ɗauka ya tafi. Na sa fom a jaka, na kasa tashi.

Na ce, "Saura kwana tara a rufe. Wasiƙar tana nan a kwamfutata, ko waƙafi ban taɓa ba. Ki nema. Yau ɗin nan zan ɗora ta, ki zo ofis ki tsaya a kaina ki gani da idonki. Bayanin da za ki rubuta ma mu zauna tare mu gyara. Don Allah."

Ban tuna ranar da na taɓa ce wa ɗalibi don Allah ba. Ta daɗe tana kallon kantar da ke bayana, leɓenta yana motsi kaɗan, na gane kwanakin take ƙirgawa.

"Zan nema," ta ce.

Har na fara laluben makullin ofis a jaka.

"Shugaba zai sake ba ni tasa, na sani." Ta miƙa hannu ta zaro ɗaya daga cikin katunan launi da ake nuna wa masu saye, ta juya bayansa fari, ta ajiye a kan gwiwata. "Ta biyun ce. Ki taimaka mini da lambar wani malami a sashen."

Na kalli katin, na kalle ta. Na ce, "Wanne?"

"Ko wanne ne, Malama."